DARASIN KIWON LAFIYA: ABINCIN WANDA AKA YI WA AIKI A ƘASHIN CINYA

Jama'a, darasinmu na wannan wata a kan karayar ƙashin cinya ne. Ba maganar ɗori za mu yi ba, kuma ba za mu koya wa kowa aikin likita ba. Za mu yi magana ne a kan abin da yake hannunku, wato kwanon abincin da ake ajiye wa mara lafiya bayan an fito da shi daga ɗakin tiyata. Mutane da yawa suna zaton idan likita ya sa ƙarfe ya ɗinke, to an gama. Ba a gama ba. Akwai waɗanda aikinsu ya yi kyau, amma bayan wata biyu ko uku sai a ji sun rasu a gida. Sau da yawa rama da rashin cin abinci suna da hannu a ciki.

Ƙashin cinya da yadda yake karyewa

Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo da ƙarfi a jikin mutum. Ya tashi daga ƙugu ya sauka har gwiwa. A can sama yana da kai mai kama da ƙwallo, wanda ya shige cikin kwatangwalo. A ƙarƙashin kan akwai wani wuri siriri, shi ake kira wuyan ƙashin cinya.

Saurayi mai ƙarfi ba ya karya wannan ƙashi sai da babban dalili: hatsarin babur ko mota, faɗowa daga itace, ko katanga ta faɗa masa da damina. Irin wannan karaya yawanci a tsakiyar cinya take. Mutum zai iya zubar da jini lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cikin cinyar, ba tare da an ga ko ɗigo a waje ba. Sai dai a ga cinya ta kumbura.

Tsoho kuwa dabam ne. Ƙashinsa ya yi sakayau, kamar azarar da gara ta ci ta ciki. Zamewa a banɗaki ko tuntuɓe da dokin ƙofa ya isa ya karya shi. Yawanci a wuyan ƙashi ko kusa da shi yake karyewa. Tsofaffin mata sun fi shiga wannan hali, domin ƙashin mace yana saurin raguwa bayan ta daina al'ada. Alamarsa ita ce tsohuwa ta faɗi ta kasa tashi, ƙafar ta gajarce, tafin ƙafa ya kwanta ya dubi waje. Wannan ba targaɗe ba ne. Kuma wuri ne mai zurfi cikin tsoka, karan ɗori ba ya kama shi. A kai ta asibiti a ranar. Likitoci sun fi so a yi aikin cikin kwana ɗaya ko biyu. A asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ana sa ƙarfe a riƙe ƙashin, ko kuma a sauya kan ƙashin da na ƙarfe.

Abin da ke kashe mutum ba karayar ba ce

A ƙasashen da ake rubuta lissafin marasa lafiya, an ga cewa cikin tsofaffi 100 da suka karye a ƙugu, tsakanin 20 zuwa 30 ba sa cika shekara. Wannan adadi ne mai yawa. To me ke kashe su? Ba ƙashin ba ne da kansa. Kwanciya ce da abin da take jawowa. Ciwon huhu yana kama wanda ya daɗe a kwance. Bayansa da ɗuwawunsa suna yin gyambo. Wurin da aka yanka yana iya yin mugunya. Jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa, gudan ya tafi huhu. Duk waɗannan sun fi samun ramammen mutum, domin jikinsa ba shi da abin da zai yi yaƙi da shi.

A shekarar 1983, likitoci a garin Nottingham na ƙasar Ingila sun fito da wani bincike. Sun auna damtsen tsofaffin mata 744 da suka karye a wuyan ƙashin cinya. Suka kasa su kashi uku: masu jiki, ramammu, da waɗanda suka rame ƙwarai. Cikin masu jiki, kimanin 4 cikin 100 ne suka rasu. Cikin ramammu, 8 cikin 100. Cikin waɗanda suka rame ƙwarai kuwa, 18 cikin 100. Ku sake duba waɗannan lambobi. Karaya iri ɗaya ce, asibiti ɗaya ne, amma mutuwa ta ninka sau huɗu.

Sai kuma a 1990, a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan, aka gwada wani abu. Tsofaffi 59 ne da aka yi wa aiki. An ba 27 daga cikinsu ƙarin kofi ɗaya na abin sha mai gina jiki kowace rana, har kimanin wata guda. Sauran 32 suka ci abincin asibiti kawai. Waɗanda suka sha ƙarin kofin sun yi kimanin kwana 24 a asibiti, sauran kuwa kwana 40. Bayan wata shida, 4 cikin 10 na masu shan kofin ne suka sami matsala ko suka rasu. A ɗaya ɓangaren sun haura 7 cikin 10. Kofi ɗaya fa, ba tukunya ba.

Amma kada a ɗauka abinci kaɗai ne magani. A 2016 masana sun tattara gwaje-gwaje 41 irin wannan. Sun ga alamar ƙarin abinci yana rage matsalolin jinya, amma ba su ga ya rage mutuwa shi kaɗai ba. Sai an haɗa da yin aiki da wuri, da tayar da mara lafiya daga gado, da shan magani.

Waɗancan Turawa ne da abinci ya wadace su, duk da haka aka sami ramammu a cikinsu. To ina ga tsohuwar ƙauye da ta faɗi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai zo ba?

Da me jiki yake ɗinke ƙashi?

Ƙarfen da likita ya sa ba shi ke haɗa ƙashi ba. Riƙe shi kawai yake yi don kada ya motsa. Jiki ne da kansa yake yin ginin. Da farko jini yana taruwa a wurin karayar. Daga nan sai wani abu mai laushi kamar guringuntsi ya tsiro ya haɗa ɓangarorin biyu. Sannu a hankali sai ya yi tauri ya zama ƙashi. A ƙashin cinya wannan aiki yana cin wata uku zuwa shida, wani lokaci ya wuce haka.

Duk wanda ya taɓa gina ɗaki ya san ƙasa kaɗai ba ta tsayawa. Sai an kwaɓa ta da ciyawa. Haka ƙashi yake. Ciyawarsa wani sinadari ne da ake kira furotin, ƙasarsa kuwa kalsiyam. Furotin shi ne abin da muke kira abinci mai gina jiki. Da shi kuma jiki yake ɗinke wurin yanka, ya yi sabon jini, ya ƙera sojojin da suke kashe ƙwayoyin cuta.

Idan bai samu daga abinci ba, sai jiki ya juya ya fara cin tsokar kansa. Ga kuma kwanciya, ita ma cin tsoka take yi. A 2007 an yi gwaji a Amurka da tsofaffi masu lafiya lau. An kwantar da su kwana goma ba tashi. A matsakaicin lissafi, mutum ɗaya ya rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. Waɗannan lafiyarsu ƙalau, kuma ana ba su abinci. Wanda ya karye kuma ba ya ci, asararsa ta fi haka. Daga baya ko ƙashi ya haɗe, babu tsokar da za ta ɗaga shi. Ƙirjinsa ma ba shi da ƙarfin yin tari ya fitar da majina, sai ta taru ta zama ciwon huhu.

Yadda za ku gane mutum ya rame

Ido yana ruɗi, musamman ga wanda kullum kuke tare. Ku nemi awon tela. Ku auna damtsen mara lafiya a tsakiya, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun yana sake. Idan awon bai kai santimita 23 ba, akwai alamar rama. Ku auna kuma sha-raɓar ƙafar da ba ta karye ba, a inda ta fi kauri. Ga tsoho, ƙasa da santimita 31 alama ce ta tsoka ta tafi. Ku rubuta lambar da ranar a takarda. Bayan mako biyu ku sake aunawa. Ga amfanin karatu da rubutu nan.

Akwai wasu alamun. Zobe ko awarwaro yana zamewa. Gefen goshi ya loɓa. Yana barin fiye da rabin abincinsa. Cikin fatar idonsa da tafin hannunsa sun yi fari, wato jini ya yi ƙasa. Ku kula da kumburin ƙafa ko fuska. Wasu suna ganinsa su ce ya fara ƙiba. Ba ƙiba ba ce, ruwa ne, kuma sai an gaya wa likita. Mai ƙiba ma yana iya rasa tsoka a ƙarƙashin kitse idan ya yi kwanaki ba ya ci. A asibiti akan ɗebi jini a duba yawansa, a kuma duba wani sinadari mai suna albumin. Wanda nasa ya yi ƙasa ya fi shiga hatsari bayan aiki.

Me za a ba shi?

Ba sai an sayo abincin gwangwani mai tsada ba. Kusan duk abin da ake bukata yana cikin gida ko kasuwar ƙauye.

Masana sun ce tsoho mara lafiya mai nauyin kilo 60 yana bukatar furotin kamar giram 75 a rana, ko fiye. Bari mu lissafa da abin da muka sani. Ƙwai ɗaya yana da giram 6. Kofi ɗaya na kindirmo ko madara yana da kamar giram 8. Ɗanyen wake cike da gwangwanin madara yana da kimanin giram 30. To idan ya ci ƙwai biyu, ya sha kindirmo kofi biyu, ya cinye abin da aka dafa da gwangwani ɗaya na wake, ya sami giram 58 ke nan. Tuwo da fura da kunun da zai sha a ranar za su cike sauran. Amma wanda aka bar shi da koko tsararo safe da yamma, ko rabi bai samu ba.

Koko shi ne babban abin da ke yaudarar masu jinya. Yana cika ciki, yana da saukin haɗiya, amma yawancinsa ruwa ne. Idan za a dama, a dama kunun gyaɗa mai kauri, ko a zuba garin ƙuli-ƙuli ko garin waken suya ko madara a ciki. A sarrafa wake yadda zai ci: alala, ƙosai, ɗanwake, faten wake. Awara tana da laushi kuma tana gina jiki sosai. Da damina ƙwan zabi yana araha, a dafa shi ya dahu. Idan an sami nama ko hanta ko kifi, a dafa ya yi lugub, a daka wa wanda ba shi da haƙora. Hanta sau ɗaya a mako tana taimakon wanda ya zubar da jini. Shi kuwa romo, ruwan kawai ba ya wadatarwa. Amfanin yana cikin tsokar, ba cikin ruwan ba. A gidaje da yawa sai a ba mara lafiya romo, masu lafiya su cinye naman. A daina.

Kalsiyam kuma yana cikin nono da kindirmo, da ƙananan busassun kifi da ake dakawa har da ƙayarsu, da kuka, da zogale, da riɗi. Tamba ta fi sauran hatsi kalsiyam nesa ba kusa ba, saboda haka inda ake samunta a dama masa kununta. Miyar kuka da dakakken kifi da daddawa abinci ne na mai karaya. Ɗanyar madarar shanu kuwa a tafasa ta tukuna.

Jiki ba ya iya ɗaukar kalsiyam yadda ya kamata sai da bitamin D, kuma mafi yawansa daga hasken rana fata take yinsa. Wanda aka kulle a ɗaki wata uku ba ya samu. Da zarar likita ya yarda a zaunar da shi, a fito da shi tsakar gida da hantsi ya ɗan sha rana. Lemo, gwaiba, mangwaro, gwanda, tumatir da garin 'ya'yan kuka suna ba da bitamin C, wanda rauni ba ya warkewa sai da shi. Shayi kuwa kada a haɗa shi da cin abinci, domin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarin jini. A bari sai an jima. Mai shan taba ya ajiye ta, domin taba tana jinkirta haɗewar ƙashi.

A wasu garuruwa ana cewa kada mai rauni ya ci ƙwai ko gyaɗa ko kifi, wai suna sa rauni ya yi ruwa. Wannan ba gaskiya ba ne. Ƙwayoyin cuta ne suke kawo mugunya, ba ƙwai ba. Hana shi waɗannan abubuwa kamar hana magini ƙasa ne.

Sai dai mai ciwon ƙoda da mai ciwon suga, su nasu tsarin dabam ne. Kada a ƙara musu komai sai an tambayi likita. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, rauninsa yana wuyar warkewa.

Abin da ya sa ba ya ci

Nan ne aikin yake. Dafa abinci abu ne mai sauƙi, sa mara lafiya ya ci shi ne da wuya.

Babban dalilin da ba a faɗa shi ne kunya. Dattijon da ya saba kewayawa da kansa, yau sai an kawo masa tasa, sai ɗansa ko surukarsa sun ɗauke. Sai ya ce ya ƙoshi, alhali gudun fita bayan gida yake yi. Ruwa ma sai ya ƙi sha don kada ya yi fitsari. Wani lokaci masu jinyar ne da kansu suke rage masa, don su huta da ɗawainiya. Wannan hanya ce mai kai mutum kabari. Rashin ruwa yana taɓa ƙoda, yana kawo ciwon mafitsara, yana sa tsoho ya ruɗe ya yi ta sambatu, har a ce aljanu ne ko tsufa. Maganin abin shi ne a rufa masa asiri. A sa labule. A zaɓi mutum ɗaya da ba ya jin nauyinsa sosai, namiji ga namiji, mace ga mace. A yi abin ba tare da tsaki ko ɓata fuska ba. A ajiye ruwa mai tsabta inda hannunsa zai kai, ana tuna masa.

Magungunan kashe zafi masu ƙarfi da kwanciya suna sa bayan gida ya yi tauri. Wanda cikinsa ya ɗaure ba ya son abinci. Ruwa da ganye da gwanda da wake suna taimakawa. Idan ya kwana uku bai fita ba, a gaya wa nas. Zafin ciwo ma yana kashe sha'awar abinci, saboda haka a ba shi maganinsa a kan lokaci, sannan a kawo kwano idan zafin ya lafa. A duba bakinsa. Idan akwai miki ko farin abu a harshe, a nuna wa ma'aikacin lafiya. A wanke masa baki safe da dare.

Kada a tula masa tuwo malmala uku, ganinsa kaɗai zai sa ya kau da kai. A ba shi kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a rana. A fara da mai gina jikin tun yana da marmari, tuwo ya biyo baya. A tayar da shi zaune, a tokare bayansa da matashi. Ba a ɗura wa mutum abinci yana kwance, domin zai iya shiga masa huhu. Kuma a zauna a ci tare da shi. Tsohon da aka ajiye wa kwano aka fita ba ya cin kirki. Idan jikokinsa suna kusa, a lura, domin tsofaffi sun iya miƙa wa yara ƙwansu su ce sun ci.

Akwai kuma abin da ke faruwa tun a asibiti. Kafin aiki ana hana cin abinci na wasu awoyi, kuma dole a bi wannan doka, domin kada amai ya shiga huhu lokacin da aka sa shi barci. Amma wani lokaci akan ɗage aikin zuwa gobe ko jibi. Idan haka ta faru, ku je ku tambayi nas cikin ladabi: "Tunda an ɗage, za mu iya ba shi abinci?" Kada ku bar shi da yunwa kwana biyu don ba wanda ya ce muku komai. Bayan aiki ma ku tambaya yaushe zai fara ci. Aikin ƙafa ba aikin ciki ba ne, yawanci ba a daɗewa ake ba da izini. Idan kuma jinyar ta faɗo cikin watan azumi, a tuna cewa an yi wa mara lafiya rangwame.

Kuɗin aiki da na magani sukan cinye abin da ke hannun iyali, har a sayar da akuya ko hatsi. Idan 'yan uwa sun zauna haɗa kuɗin asibiti, su sa kuɗin abincin wata uku a cikin lissafi tun farko. Masu zuwa dubiya kuma, maimakon lemon kwalba da biskit, ku riƙo ƙwai ko kindirmo ko mudun wake.

Tashi daga gado

Abinci ba ya zama tsoka sai an motsa jiki. Shi ya sa likitoci suke so a tayar da wanda aka yi wa aiki tun washegari ko jibi, idan hali ya yi. Tausayi kan sa iyali su ce a bar Baba ya huta. Wannan tausayi cutarwa ne. Ku bi abin da likita da mai gasa ƙashi suka ce game da taka ƙafar, kada ku ƙara kada ku rage. Wanda bai iya tashi ba tukuna, a riƙa gyara masa kwanciya kamar kowane awa biyu, yadda nas ta nuna muku. A duba ɗuwawu da dugadugansa kullum. Shimfiɗa ta zama busasshiya.

Ku mayar da shi asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ku ba idan ya yi zazzaɓi, ko wurin ɗinki ya yi ja yana fitar da ruwa, ko numfashinsa ya yi sama-sama, ko ƙafa ta kumbura tana zafi, ko ya ruɗe, ko ya kwana biyu bai ci abin kirki ba. Ku tafi da katinsa da takardar da kuka rubuta awon damtsensa.

Aikin aji

Malami ya zo da awon tela. Ɗalibai su kasu biyu-biyu, kowa ya auna damtsen abokinsa ya rubuta lambar a littafinsa. Sannan kowa ya rubuta abin da zai ba mai karaya daga safe zuwa dare, da abincin da ake samu a garinku a wannan wata, ya lissafa ko furotin ɗin ya kai giram 75.